Awadiyya Mai Cike Fuskokin da Ruwa Ya Cinye

Shekara huɗu cur, in ka cire ranakun Juma'a, kafin masu sayar da ful, dafaffen waken Misirawa, su gama jera tukwanensu a bakin titin jirgin ƙasa na unguwar Ard al-Liwa, Inna Awadiyya ta riga ta tsallake gada. Tana naɗe cikin tobinta irin na matan Sudan, a hannunta leda guda: burodi, gorar shayi, da 'yar kwalbar tawadar da ta haɗa da kanta da baƙin fitila da ƙaro. Takan hau ƙaramar bas zuwa tashar metro, ta shige taragon mata, kuma tun da aka rufe tashar Sadat sai ta yi dogon zagaye kafin ta kama layin Ma'adi. Ba ta hira a hanya. Fuskokin mutane take kallo, irin kallon nan da zai sa mace ta gyara mayafinta ba tare da ta san dalili ba.

A Ma'adi akwai wani tsohon gida da bishiyoyi suka rufe. Maigadinsa, Ammu Hasan, yakan buɗe mata ƙofar gefe ya ja da baya da sauri, domin ya rantse ba zai ƙara taka matakalar ɗakin ƙasa ba, wanda Misirawa ke kira badrum. Ita kuwa sai ta sauka matakala goma sha huɗu, ta kunna turaren wuta, ta yi sallama. Ba kowa a ɗakin. Na taɓa tambayarta wa take yi wa sallamar, ta ce ɗakin da ya cika da fuskoki haka ai ba a shigarsa da ka.

Sunana Humaira, 'yar Gusau, karatun harsuna ya kawo ni Alƙahira. Shekara ɗaya da rabi na yi ina zaune a gefen matar nan a cikin wannan badrum. A watan jiya ta ajiye aiki, ba walima, ba takardar yabo, ko hoto ba wanda ya ɗauka. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ɗauki biro. Kuma in faɗa muku tun yanzu, ni matsoraciya ce ta bugawa a jarida. Ƙadangare ya faɗo daga rufi sai kun ji ni a unguwa ta gaba. To ku auna maganata da wannan.

Awadiyya 'yar Mai Wurno ce, can bakin kogi a ƙasar Sudan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka, hanya ta ajiye su a nan. Hausarta ta tsofaffi ce, an barbaɗe ta da Larabci, in ta ce "ya bitti" to 'yata take nufi, kuma da ni take. Sana'arta ta gado ƙunshi ce. Takan dubi tafin amarya sau ɗaya, ta ɗora zane daga wuyan hannu har yatsu ba ta ɗaga ba. Ta zo Alƙahira da mijinta Sulaimanu, magini, wanda ya wuce Libiya neman aiki a ƙarshen 2010. A watan Maris na 2011 ya bugo mata waya ya ce gari ya ɓaci, ana farautar baƙaƙen fata, za su gwada teku. Daga wannan ranar ba ta sake jin muryarsa ba.

Mai gidan na Ma'adi wani tsohon malamin makaranta ne Ba'amurke, Hawaja Kirnan (haka Misirawa ke kiran Bature, Hawaja), wanda kakanninsa mutanen tsibirin Ailan ne. Shekara bakwai Inna tana yi masa shara da wanke-wanke. A badrum ɗinsa akwai ɗauri-ɗaurin tsofaffin jaridun Amurka da kakansa ya tara tun fiye da shekara ɗari, yawancinsu shafukan zanen barkwanci na fitowar Lahadi. Da gari ya rikice a farkon 2011 aka kwashe tsohon zuwa ƙasarsu, bayan tafiyarsa bututun ruwa ya fashe, ruwa ya yi mako uku kwance a kan jaridun. Da ya dawo ya taɓa su ya ji sun zama curi guda, sai ya zauna a matakala ya yi kuka. Idanunsa sun riga sun yi yana, ba abin da zai iya. Mai sharar gidansa ce ta ce a bar ta ta gwada.

Ta ba ni labari cewa ranar da ta fara ɓamɓare shafukan sai da ta ajiye wuƙar ta yi a'uzubillahi. An raba kowane shafi gida-gida, a kowane gida ga wani gajeren mutum da 'yar hula, lofen taba a baki, ya saɓa kwandon bulo a kafaɗa. Jiki na mutum, kaya na mutum, amma fuskar ta biri ce: goshi a danne, hanci a ɗage, leɓen sama dogo, muƙamuƙi ya turo gaba. A gidan farko ya hau tsani, a na biyu ya kurɓi giya, a na uku bulo ya faɗo masa a ka, a na huɗu matarsa, ita ma da tata fuskar birin, ta biyo shi da muciya. Inna ta sa masa suna Mai Lofe. Ita ba ta karanta Turanci, kuma a iya saninta hanya ɗaya ce ɗan Adam zai wayi gari da fuskar biri, wato fushin Ubangiji. Sai ta hau sama da shafin a hannu ta sami tsohon.

"Hawaja, waɗannan mutanen me suka yi wa Allah?"

Ya ce, "Kakannina ne."

Ya gaya mata yunwa ce ta kore su daga tsibirinsu, jiragen ruwa suka zubar da su a Amurka. Maza suka yi dakon bulo da haƙar rami, mata suka yi aikatau, 'yan gari kuma suna sayen jarida ranar Lahadi su ga yadda aka zana su su sha dariya. Kakansa ma yana saye, amma ba ya jefarwa. Ya ce a adana, don jikoki su ga irin fuskar da aka ba su. Sai daga baya nasu suka karɓi alƙalami suka ci gaba da zana mutumin, yana nan da lofensa da wautarsa, amma fuskar ta dawo ta ɗan Adam, dariyar ma ta zama ta cikin gida. Inna ta ce ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta san wannan dariyar. Tana jinta a bayanta a cikin bas, tana ganinta a talabijin duk watan azumi, in an shafa wa wani baƙin tukunya a fuska an ce shi ne ɗan Sudan.

Inna, ke ce kika raba shafi dubu biyu da ɗoriya da wuƙar yanka albasa da tururin buta, ɗaya bayan ɗaya, wani ma kwana uku kina lallashinsa. Ke ce kika dama sitacin alkama kamar koko, kika rina takarda shara-shara da kike sayowa a kasuwar Ataba da ruwan shayi har ta ɗauki launin tsufa, kika toshe duk inda ya ɓule. Ba makarantar da ta koya miki. Kuma ba ki taɓa sa gam mai ƙarfi ba, kin ce kayan wani ne, dole duk abin da kika manna ya zama ɗigon ruwa zai iya ɗaga shi.

Matsalar tana wurin manyan shafukan bango, masu zane guda ɗaya ƙato. A talatin da takwas daga cikinsu, ruwa da fumfuna sun cinye daidai kan Mai Lofe, an bar hula a sama, kafaɗa a ƙasa, tsakiya rami kamar faɗin tafin hannu. Tsohon ya ce ta cike yadda ta ga ya dace. Mai ƙunshi kuwa ba ta barin gurbi, abin kunya ne a sana'arsu. Ta jawo wani shafi don ta kwafi fuskar birin, ta tsoma alƙalami, sai hannun da bai taɓa rawa a tafin amarya ba ya ƙi tafiya. Ta ce ba ita za a tsayar ranar tsayuwa a tambaye ta dalilin da ta ɗora wa ɗan Adam muƙamuƙin biri ba. Ta yi bisimilla ta zana fuskar mutum, Hawaja kuma ba ya gani.

Ni na shigo cikin maganar a watan Oktoba na 2013. Tsohon yana neman mai karanta kwanan watan jaridun, ta rubuta a kwamfuta, ta ɗauki hoton kowane shafi. Inna ta yi min ƙunshi a bikin wata ƙawata, ta tambaye ni ko ina jin Turanci, shi ke nan na samu aiki.

Ranar farko, wajen azahar, wuta ta ɗauke yadda ta saba yi a shekarar. Badrum ɗin ba taga. An ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango an shanya shafuka kamar wanki, kuma wallahi fanka ta tsaya amma ba su daina motsi ba. Na kunna fitilar waya. Duk inda na haska biri ne yake washe min baki, wani da kwalba, wani da tsani, ɗaruruwansu, suna ta dariyar da masu yinta suka daɗe a ƙasa. Ina juyawa haske ya faɗa kan wani babban shafi. Hular Mai Lofe ce, lofen Mai Lofe ne, amma wanda yake kallona Mahir ne.

Mahir mai sayar da takalma ne a Ataba, ƙanin Mahasin maƙwabciyar Inna. Takalmin da ke ƙafata a lokacin a hannunsa na saya. Ga tabon kan girarsa, ga wushiryarsa. Na ɗaga hasken sama, kwanan watan jaridar 1899. Kuma kowa a unguwa ya san mako uku ke nan da Mahir ya tafi Iskandariya zai hau kwalekwale zuwa Turai. Na ce innalillahi, wayar ta suɓuce ta kife a ƙasa. Daga cikin duhun na ji muryarta a hankali.

"Kin gane shi ke nan. Ma'alish, yi haƙuri, ya bitti, ɗauki wayarki."

Da wuta ta dawo, tsoro bai hana ni matsawa kusa ba, Allah ya yi ni da son gani. A wuyan zanen akwai wani layi siriri kamar silin gashi, ya gitta daga kunne zuwa kunne. Nan take na gane shi. A Islamiyyarmu ta Gusau haka muke bin littattafanmu da biro, duk hoton mai rai mu ja masa layi a wuya, har na akuya. An koya mana cewa in ka yanke wuyan zane ya fita daga masu rai, ba za a ce maka ranar Alƙiyama ka hura masa rai ba. Ba wani Bature na 1899 da zai san wannan. Hannun namu ne, kuma mai hannun tana tsaye a bayana tana dama sitaci.

Bayan kwana goma sha tara labari ya zo cewa kwalekwalen su Mahir ya kife.

Ni ɗaliba ce, na san gaibu na Allah ne shi kaɗai. Na kuma san duk waɗanda take zanawa mutanen unguwa ne da suka kama hanyar teku ko ta hamada, hanyar da ba ta cika mayar da mutum ba. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau ɗari. Amma akwai waɗanda suka tafi suka isa lafiya, suna turo hotuna daga Italiya da rigunan sanyi, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa zuwa hannunta ba. Ta ce ita ba ta zaɓa. In ta zauna gaban rami ta yi bisimilla, fuskar da ta zo ita ta zo. Cikin talatin da bakwai ɗin da ta zana, har yau ba wanda ya bugo waya.

Maganar ta fita, kuma ina jin kunyar faɗa, daga bakina ta fita, domin na gaya wa wata ita kuma ta gaya wa duniya. Matan Ard al-Liwa suka daina kiranta ƙunshi. In ta shigo gidan suna, sai ka ga kowa ta sami abin dubawa a ƙasa. Mahasin ta yi shekara guda ba ta amsa mata gaisuwa. Ammu Hasan kuwa ya ce shi da kunnensa, da rana tsaka, ranar Juma'ar da ba kowa a gidan, ya ji maganar maza ƙasa-ƙasa daga badrum da wani yare da ba Larabci ba. Na ce masa bututu ne. Ya ce to in sauka ni kaɗai ranar Juma'a in gaisa da bututun. Inna ba ta taɓa yi min faɗa a kan surutuna ba, washegari ma ita ta raba min burodinta.

Saura shafi na talatin da takwas. A cikinsa Mai Lofe yana saukowa daga jirgin ruwa da ƙunshin kaya a hannu, ya waiwaya yana duban teku, kuma kan nasa rami ne. Sau huɗu na ga ta shimfiɗa shi, ta yanko takarda, ta tsoma alƙalami, ta ja layin farko. Kullum goshi ɗaya ne yake fitowa, mai faɗi, da tabon sujada a tsakiya. Sai ta tsaya cak, ta ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ta goge da sauri, ta mayar da shafin can ƙasan tari. Ban tambaye ta goshin wa ne ba. Sulaimanu mutum ne da ba ya yarda a ɗauke shi hoto, wanda ke jikin fasfonsa kuma ya tafi da shi, saboda haka ko ɗaya ba ta da shi. Malamai sun gaya mata in shekara huɗu ta cika tana iya kai maganarta a yanke mata hukunci ta huta. Ta ƙi. A ranta ta ƙudurta cewa muddin hannunta bai gama wannan fuskar ba, mijinta yana wani wuri yana numfashi.

Hawaja Kirnan ya rasu a watan Disamba na 2014. A watan Maris 'yarsa Morin ta iso don ta kwashe jaridun. Malama ce a wata jami'a, kuma a kan irin waɗannan zane-zanen take koyarwa. Ta sauko badrum fuskarta cike da murna, domin ta ga hotunan da nake tura wa ubanta a kwamfuta. Ta ce min masana sun san lokacin da fuskar mutanenta ta dawo ta ɗan Adam a jaridu, amma ga shi shekaru kafin nan wani mai zane da ba a sani ba yana zana su da mutunci, kowane mako da fuska daban. Har ta fara rubuta littafi a kansa. Ta ce ta ma gano alamarsa, wani siririn layi a wuya. Faci na Inna kuwa ko a gaban ido ba a ganinsa. Sai ta juyo ta tambaye ni ko mun taɓa lura da layin.

Wallahi na so in rufe. Na juya harshe na ce wa Inna da Hausa matar nan ba ta sani ba, mu bar ta. Fuskokin za su tafi Amurka a sa su cikin gilashi a girmama su. In kuwa aka faɗa, za a ɓamɓare su, kuma wa ya sani ko ta ce an lalata mata gado, ke kuma katin 'yan gudun hijira ne kawai a hannunki, ba mai tsaya miki. Ta dube ni, ta goge hannunta da gefen tobi.

"Kakan ubanta ya ajiye zagin ne don jikoki su gani. In na bari ta rubuta cewa ba a zage su ba, na zage su karo na biyu. Faɗa mata ni ce."

Kafin in gama fassarawa ta tsoma yatsa a kofin ruwa, ta shafa gefen fuskar Mahir, ta sa farce ta ɗaga. Fuskar ta taso a tafin hannunta, a shafin kuma aka bar hula da kafaɗa da rami. Morin ta sulale ta zauna a ƙasa dirshan. Daga nan ta tambayi dalilin da ya hana a kwafi fuskar birin, na gaya mata. Ta tambayi layin, na gaya mata. Sannan ta nuna igiyoyin ta ce to waɗannan su wane ne. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna, da sunan uba, da gari: wannan daga Sinnar, wannan daga Gadarif, wannan daga Damazin, wannan ya bar matarsa da ciki. Ta ce duk yunwa ce ta kai su bakin teku. A wajen na ashirin Morin ta fara kuka, kuma ban ɗauka littafinta kaɗai take yi wa ba.

Hukuncinta ya zo washegari. Shafukan za su tafi da ramukansu, domin gaskiyarsu ke nan, fuskokin kuma na mai su ne. Kwana tara Inna ta yi tana ɗaga aikin shekara huɗu da ɗigon ruwa, ba ta yaga ko kusurwa ɗaya ba. Shafi na talatin da takwas ya shiga akwati yadda yake. Ni har ajiyar zuciya na yi, na ce khalas, shi ke nan, an raba ta da shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta jera fuskokin a kan faranti a ɗakinta na hawa na huɗu, ta aika a gaya wa unguwa duk mai nasa ya zo ya karɓa. Na zaci ba mai zuwa. Mahasin ce ta fara hawowa. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta yi sallama ba, ta miƙa hannu, aka ɗora mata Mahir. Tana da hotunansa a waya, yana dariya ya karkace hula, amma ta daɗe tana duban wannan, sannan ta ce haka yake kallo in yana jin yunwa ba ya son faɗa. Ta durƙusa ta kifa kanta a cinyar Inna. Bayanta mata suka cika matakala har ƙasa, wata da goyo, wata da sanda, kowace ta karɓa ta naɗe a bakin mayafi. Kafin rana ta yi ja faranti ya zama wayam.

Kowa ta fita da nata, matar da ta zana su ce kaɗai ba komai a hannunta. Na miƙe zan tafi ta ce in zauna. Ta buɗe jaka ta ɗauko ragowar takarda guda da ta rina da shayi, ta shimfiɗa a bayan farantin, ta yi bisimilla. Goshin nan ya fito. Na ce, "Inna, ba wanda ya sa ki fa." Ba ta ɗago ba. Gira ta fito, ido ya fito, hanci, 'yar furfurar gemu, wani mutum mai sanyin fuska da ban taɓa gani ba yana dubana kamar ya san ni. Hannunta bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Da ta gama ta kai bakin alƙalamin wuyansa, inda take jan layi, ta tsaya a nan har tawadar ta bushe.

"Wannan ba zan yanka shi ba, Humaira. In an tambaye ni, zan ce mijina ne."

Na san abin da littattafanmu suka ce. Na kama bakina.

Inna Awadiyya, 'yar Mai Wurno, mai hannun da ba ya rawa, na gode. Na gode a madadin mata talatin da bakwai, da wata baƙuwa da kika hana ta rubuta ƙarya a kan kakanninta, da mutanen wani tsibiri da ba ki san ko ta ina yake ba amma kika ƙi sa hannu a wulaƙancinsu. Ke ce kika iya gyara abu har ba a gane gyaranki, kuma ke ce kika tona kanki da bakinki ranar da shiru zai fi miki sauƙi. Allah ya saka miki, ya yafe min surutuna. Mu kuma da muke tura wa juna hotunan barkwanci a waya muna ƙyaƙyata dariya a kan hancin wata ƙabila da bakin wata, mu ji kunyar matar nan mu riƙe yatsunmu. Wanda aka ba amanar kayan wani, ya yi aiki irin nata.

Washegarin wannan Juma'ar ta ɗaura farin ƙyalle irin na matan Sudan da suka rasa miji, ta shiga takaba. Ba wanda ya kawo mata labari, ba wanda ya nuna mata kabari. Tana nan a ɗakinta, ku hau ku yi mata ta'aziyya, domin har yanzu mutane suna tsayawa a matakala suna shawarar ko ya dace. Ni ma ranar farko da na shiga na buɗe baki na rasa abin faɗa, don shekara huɗu addu'a ɗaya kowa yake yi mata, Allah ya bayyana shi. Sai ta kama hannuna ta matse.

"Faɗi, ya bitti. Ce Allah ya ji ƙansa."